Fashin baƙi kan "priority": wa zai shiga gaba, wa zai jira?

Akwai kalmomin Turanci da suka zauna a bakin Bahaushe har ba ya jin nauyinsu, ko da bai yi nisa a boko ba. "Priority" na cikinsu. A teburin mai shayi a Samaru ta Zariya, inda ɗaliban jami'a ke taruwa bayan isha'i, ba a rasa mai cewa, "Ni yanzu aure ba ya cikin priority ɗina, sai na gama bautar ƙasa." Lokacin yaƙin neman zaɓe kuma ɗan takara zai hau mumbari ya rantse cewa ruwan sha shi ne "top priority" ɗinsa, washegari a ji a rediyo an ce ya yi alkawarin bai wa ruwan sha muhimmanci. Mai fassarar bai yi ƙarya ba, amma ya sauke wa ɗan takarar rabin nauyin da ya ɗora wa kansa.

Dalili kuwa shi ne muhimmanci ba ya buƙatar abokin karawa. Abu goma suna iya zama masu muhimmanci a lokaci guda ba tare da ɗaya ya taka ɗaya ba: ruwa, asibiti, makaranta, taki, hanya. Ita kuwa wannan kalma maganar jeri take yi. Duk inda aka ambace ta, akwai abubuwa aƙalla biyu da ke neman kuɗi ɗaya, ko lokaci ɗaya, ko ƙofa ɗaya, kuma an yanke cewa wannan zai wuce, wancan zai dakata. Wanda ya ce ruwa ne a gaba, ya faɗi cewa in kuɗi ya gaza, wani abu zai kwanta domin ruwa ya tashi. Abin da ya kamata a tambaye shi ke nan: me zai kwanta?

Asalin kalmar daga Latin ne. A can "prior" na nufin wanda ya riga, na farko cikin biyu. Ta ratsa ta Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14, kuma ma'anarta ta farko ba ta da alaƙa da daraja, riga zuwa kawai take nufi. Burbushin wannan na nan a takardun ofis. In aka rubuta "prior to the examination", kafin jarrabawa ake nufi. In aka liƙa sanarwa a allon makaranta cewa za a iya sauya jadawali "without prior notice", ana nufin ba sai an sanar tukuna ba.

Wannan tsohuwar ma'ana ta riga zuwa har yanzu ita ke raba gardama a kotu. Ranar 14 ga Fabrairu 1876 takardu biyu suka shiga ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka a birnin Washington, ɗaya ta Alexander Graham Bell, ɗaya ta Elisha Gray, dukansu a kan na'urar aika murya ta waya. Bell aka bai wa shaidar mallaka ranar 7 ga Maris, kuma sunansa duniya ta riƙe a matsayin wanda ya ƙirƙiro wayar tarho, ko da yake masana tarihi ba su daina jayayya a kan abin da ya faru a ofishin ran nan ba. Bayan 'yan shekaru ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Paris kan kare ƙirƙire-ƙirƙire a 1883, wadda Najeriya ma ke cikinta. A ƙarƙashinta, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a wata ƙasa yana da wata 12 a yau da zai kai ta sauran ƙasashen, kuma za a lissafa masa daga ranar farko. Lauyoyi na kiran ranar "priority date". Ba sai an je Amurka ba ma. Duk wanda ya san yadda garin Zariya ke faɗaɗa ta wajen Ɗan Magaji da Shika ya ji labarin fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu. In magana ta kai gaban alƙali, ba a tambayar wa ya fi buƙatar filin ko wa ya fi 'ya'ya. Ana duba wa ya riga saye, wa ya riga yin rajista, kuma ko na biyun ya san da na farkon.

Daga riga zuwa sai ma'anar ta matsa zuwa haƙƙin wucewa, wato a ba mutum gaba ko da ba shi ya riga ba. A shataletale, ƙa'idar hanya ta ce motar da ke cikin da'irar ita ke da hanya, mai shigowa ya jira. Motar asibiti ko ta kashe gobara in ta saki jiniya, kowa ya rage. (Yadda masu Keke Napep da 'yan acaɓa ke fahimtar wannan ƙa'ida a Kwangila wani darasi ne daban.) Ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke nan Zariya, wadda aka kafa a 1964, suna koyon irin wannan doka a sararin sama: jirgin da ke cikin matsala shi ke da hanya a kan kowane jirgi, a ba shi filin sauka ko da wasu sun riga shi shiga layi.

A asibiti ne wannan ma'ana ta fi ciwo, don a nan ne mutum ke ganin an tsallake shi da idonsa. Dattijo ya yi sammako ya karɓi kati, yana kan benci tun hantsi bai fito ba, ƙafa na masa zogi. Can sai ga wata mata ta shigo a guje da yaro a kafaɗa, idanunsa sun kakkafe, jiki na karkarwa. Ma'aikaciyar jinya ta karɓe shi ta wuce ciki ba ta ko dubi layin ba. Dattijon ya ɗaga katinsa.

"'Yar nan, ni fa na riga kowa zuwa."

"Na sani, Baba. Ka yi haƙuri. Ƙafarka za ta kai azahar, shi wannan ba lallai ya kai ba."

Ba ta ce ciwonsa ba ciwo ba ne, ba ta kuma ce yaron ya fi shi daraja ba. Ta auna wanda jira zai kashe da wanda jira zai gajiyar kawai. Wannan tsari na tantance marasa lafiya ana danganta tushensa ga Dominique Jean Larrey, babban likitan tiyata a rundunar Napoleon ta Faransa, wanda ya kafa ƙa'idar cewa a fara da sojan da rauninsa ya fi muni ba tare da duba muƙaminsa ba. A zamanin da hafsa ke gaban kurtu a komai, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ni a ganina babu inda Bahaushe zai fahimci wannan kalma sarai kamar a rabon gado, domin mun daɗe da abin kafin kalmar ta iso mana. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birnin Zariya sun jera yadda ake taɓa dukiyar mamaci: a fara da likkafani da hidimar binne shi, sai bashi, sai wasiyya, sannan magada. An yi sadakar bakwai, 'ya'ya sun taru a zaure, babbansu ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, so muke a raba mana kowa ya san nasa." Malam ba zai ɗauko alƙalami ba sai ya tambaya, "Akwai wanda ke bin marigayi bashi? Ya bar wasiyya?" A ce bayan an gama hidimar jana'iza abin da ya rage ya kai naira miliyan 10, ana kuma bin sa miliyan 4. Za a cire huɗun nan tukuna, saura 6. In ya yi wasiyya a gina rijiya ko a bai wa wani wanda ba magaji ba, ba za ta wuce sulusin shidan ba, wato miliyan 2, sai fa in magada sun yarda da ƙari. Abin da ya saura, miliyan 4, shi za a raba. In kuwa bashin miliyan 12 ne, magada sun tashi hannu rabbana, wasiyya ma ta faɗi. Babu mai cewa ɗan kasuwar da ke bin bashi ya fi marayu matsayi a zuciyar mamacin. Jeri ne kawai, kuma amfanin jeri ba ya bayyana sai ranar da dukiya ta kasa isar kowa. In akwai wadata, ko ta ina aka fara duk ɗaya ne.

Malamai suna da nasu lafazin: gabatar da mafi muhimmanci a kan mai muhimmanci. Shi ya sa farilla ke gaban nafila, kuma shi ya sa malaman usulu, wato masana tushen fiƙihu, suka kasa buƙatun ɗan Adam uku, na larura, na buƙata, da na ƙawa. Akwai kuma shufu'a, haƙƙin da abokin tarayya a gida ko gona ke da shi na karɓar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, in zai biya kuɗin. Duk wannan in za a juya shi zuwa Turanci, kalmar nan za a nema.

Wani ruɗani da ke bin kalmar shi ne haɗa ta da gaggawa. Abin da ya fi ƙara ba lallai shi ya fi cancantar gaba ba. Shugaban Amurka Dwight Eisenhower, a wani jawabi a 1954, ya kawo maganar wani tsohon shugaban kwaleji da ya ce matsalolinsa iri biyu ne, masu gaggawa da masu muhimmanci, masu gaggawar ba su da muhimmanci, masu muhimmancin kuma ba sa zuwa da gaggawa. Akwai zuzutawa a maganar, yaron da ke suma a asibiti ya haɗa duka biyun. Amma duk magidanci ya san gaskiyar da ke ciki. Ankon biki yana da rana, yana da masu tuni a waya safe da yamma. Gyaran rufin ɗaki ba shi da mai tuni sai ruwan farko ya sauka.

Sai maganar jam'i, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa. Ana yawan yaɗa cewa kalmar ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta da jam'i sam. An ɗan yi ƙari a nan, don lauyoyin Ingila sun daɗe suna cewa "priorities" in suna jera masu bin bashi. Abin da yake tabbas shi ne jam'in bai zama ruwan dare a bakin gwamnatoci da kamfanoni ba sai ƙarni na 20, kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya taimaka ƙwarai. Da Amurka ta shiga haɗa makamai, ƙarfe ya yi ƙaranci, sai gwamnati ta fito da tsarin bai wa kowace kwangila lamba: mai A-1 ya riga mai A-2 samun kaya, haka har ƙasa. Ba a daɗe ba kowane ofishin soja ya ga aikinsa ne ya fi na kowa, takardun A-1 suka cika gari. Aka raba A-1 ɗin gida-gida, A-1-a, A-1-b. Su ma suka cika. Aka ƙirƙiro AA a samansu, aka ƙara AAA. Masana'anta na riƙe da takarda mai babbar lamba, amma babu ƙarfen da za ta karɓa da ita, don takardun sun fi ƙarfen yawa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A ƙarshen 1942 dole aka sauya dabara: aka ɗauki abu uku, ƙarfe, tagulla da alminiyom, aka ƙirga nawa ake da shi a zahiri, aka yanka wa kowane ɓangare kasonsa. Wato an daina tambayar wa ya fi muhimmanci, an koma tambayar tan nawa za a ba ka, tan nawa za a hana wancan.

Wannan labari ya kamata ya yi wa ɗan Najeriya kama da wani abu da ya sani. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zo da ƙudurori 7 a 2007. Marigayi Muhammadu Buhari ya tsaya a kan 3 a 2015, tsaro, tattalin arziki da yaƙi da cin hanci. Gwamnatin Bola Tinubu ta jera fannoni 8 a 2023. Ba laifi ba ne gwamnati ta yi jeri, aikinta yana da yawa. Amma in fannonin nan suka haɗiye kusan duk abin da gwamnati ke yi, daga noma har tsaro, jerin bai gaya mana komai ba, tunda ba a faɗi wanda zai ja baya in kuɗi ya gaza ba. Inda ake ganin jerin gaskiya shi ne kasafin kuɗi, kuma ko a nan ba a adadin da aka karanta a majalisa ba, a abin da aka saki. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Najeriya ce mai masaukin baƙi, amma kason lafiya a kasafin tarayya ya shafe shekaru yana yawo a ƙasa da rabin wannan adadi. Duk tsawon lokacin nan ba a rasa jawabin da aka kira lafiya "priority" a cikinsa ba.

Masu kwamfuta sun fi 'yan siyasa riƙe amanar kalmar, don na'ura ba ta jin kunyar kowa. Ranar 20 ga Yuli 1969, kumbon Apollo 11 na gangarawa kan wata, sai kwamfutarsa ta fara nuna gargaɗi mai lamba 1202. Ayyuka sun yi mata yawa, wata na'urar radar na cinye mata lokaci ba gaira ba dalili. Da an gina ta ta bi ayyuka bi da bi yadda suka zo, da ta cushe. Amma masu tsara manhajarta, ƙarƙashin jagorancin Margaret Hamilton da abokan aikinta, sun riga sun bai wa kowane aiki matsayi. Sai ta watsar da ƙananan, ta riƙe sarrafa inji da lissafin sauka. Ana ta kai, wa ke ta kaya. Kumbon ya sauka lafiya.

Ga ɗalibin da zai rubuta kalmar a jarrabawa ko a takardar neman aiki, abokan tafiyarta kaɗan ne. Ana cewa "give priority to" in za a gabatar da wani abu, ana cewa "take priority over" in abu ya sha gaban wani. "Over" ake sa wa, ba "than" ba, kuskuren da ake yawan gani a rubutun ɗalibai. Ana auna ta da "high" da "low" da "top". Aikatau ɗinta, "prioritise", sabon shiga ne, a shekarun 1970 ya bazu daga bakin ma'aikatan gwamnatin Amurka, kuma masu tsattsauran ra'ayin nahawu sun daɗe suna yi masa kallon banza kafin su haƙura. Turawan Ingila kan rubuta shi da "s", Amurkawa da "z". Jaridun Najeriya kuma suna da ƙaunar "misplaced priority", wato an gabatar da abin da ya kamata a jinkirta, kamar a ƙawata ƙofar makaranta alhali yara na zaune a ƙasa. Akwai kuma "get your priorities right". Faɗa ne wannan, ba shawara ba. Uba na iya gaya wa ɗansa, amma ƙaramin ma'aikaci bai gaya wa maigidansa.

Tana da 'yan'uwa da ake rikita ta da su. "Precedence" ta fi karkata ga muƙami da tsarin girma: wa zai zauna a ina a taro, sunan wa za a fara ambata, tawagar wane hakimi ke gaban ta wane a hawan sallah. "Precedent" kuma daban ce gaba ɗaya, hukuncin da kotu ta taɓa yankewa wanda ake kafa hujja da shi. "Preference" son rai ne, kamar mai son tuwon dawa fiye da na masara, ba sai ya kawo dalili ba. A Hausa babu kalma ɗaya da ta rufe dukan fuskokin "priority", kuma ba na ganin wannan a matsayin gazawa. In lokaci ake nufi, "riga" ta wadatar. In layi ne, a ce an gabatar da shi ko an sa shi gaba. In auna abubuwa ake yi, "fifiko" ce ta fi kusa, don ita ma ba ta tsayawa ita kaɗai, dole a ce fifiko a kan me. Da masu fassarar labarai za su riƙa zaɓar "fifiko" a maimakon "muhimmanci" in ɗan siyasa ya yi irin wannan alkawari, da mai sauraro ya fi saurin jin cewa akwai sauran magana.

Fuska ta ƙarshe ita ce wadda kasuwa ta ba kalmar, inda gaba ta zama abin sayarwa. A filin jirgi akwai "priority boarding", mai tikiti mai tsada ya riga shiga. A wasu bankuna akwai ɗaki daban mai sanyi ga masu ajiya mai nauyi, ba sa bin layi. A nan ba riga zuwa ba ne, ba larura ba ce kamar ta yaron asibiti, gata ne aka saya, sai aka sa masa suna mai daɗin ji. Tsarin wutar lantarki na yanzu ma a kan wannan yake. An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, daga A zuwa E: an yi wa 'yan rukunin A alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, sama da ninki uku na abin da suke biya a da. Hujjar ita ce wanda ya biya cikakken farashi a ba shi cikakkiyar wuta. Sai dai wutar da ƙasar ke samarwa ba ta ninka ba don an sauya farashi, kuma rukuni ba mutum ke zaɓar wa kansa ba, layin da ya ratsa unguwarsa ne ke yanke masa. Mai walda ko tela da shagonsa ya faɗa layin D ba shi da hanyar sayen awa 20 ko da yana da kuɗin, mai ƙaramin albashi da gidan hayarsa ya faɗa layin A kuma ba shi da hanyar komawa wuta mai araha.